Ciwon ɓarin kai: maganin kemis ya daina yi mini aiki

Tambaya: Likita, ni matar aure ce a wani ƙauye kusa da Ringim. Shekara uku ke nan ina fama da ciwon kai ɓari guda, da tashin zuciya, ba na son haske ko hayaniya. Kusan kullum sai na aika yaro kemis, har tiramol nake sha, amma abin sai gaba yake yi. Yaya zan yi?

Amsa: Sannu 'yar'uwa, Allah ya ba ki lafiya. Alamominki sun yi kama da ciwon da muke kira maigiren. Amma "kusan kullum" ɗin nan ne ya fi damuna. Duk mai shan farasitamol ko ibuprofen kwana 15 a wata, maganin kan juya ya zama shi ke tayar da ciwon. Tiramol da kodin kuwa kwana 10 ma sun isa. Tiramol ba maganin wannan ciwo ba ne, jiki kawai yake kamawa. Kada ki yanke shi rana ɗaya, ki je asibiti a rage miki a hankali. Ciwon kan zai iya tsananta na 'yan makonni kafin ya lafa, ki daure.

Ranar da ciwon ya taso, ki sha magani tun yana somawa, kada ki jira ya kwantar da ke: ibuprofen miligiram 400 bayan kin ci abinci. Mai juna biyu ko mai olsa ta tsaya a farasitamol. Metoclopramide na kwantar da amai. In duk ba su yi ba akwai sumatriptan, maganin da aka yi don maigiren, amma ban da mai ciwon zuciya ko hawan jinin da bai daidaita ba.

A ganina ke maganin kariya kike buƙata, wanda ake sha kullum ko kai bai yi ciwo ba: propranolol, in ba ki da asma, ko amitriptyline da daddare. Ki ba shi wata biyu zuwa uku kafin ki ce bai karɓe ki ba. In kina ganin walƙiya a ido kafin ciwon, kuma kina shan ƙwayar tazarar haihuwa, ki faɗa a canza miki, saboda haɗarin shanyewar ɓarin jiki.

Ciwon kai da zazzaɓi da sandarewar wuya kuwa, musamman da bazara lokacin sanƙarau, a kai ki babban asibiti a ranar.