Ɗan'uwa na Birmingham, ka je taron, amma ka fara da likita

Wani bawan Allah da ke aikin dare a rumbun ajiyar kaya a Birmingham ya rubuto mini. Ya ce da gwangwanin giya ɗaya ya fara, don barci ya ɗauke shi in ya tashi daga aiki. Yanzu in gari ya waye bai sha ba, hannunsa rawa yake yi, kuma kuɗin da yake aika wa iyali a Kano ya ragu. Ya ji labarin taron masu son rabuwa da giya, sai dai yana tsoron kada abin ya taɓa takardunsa na zama a ƙasar, kada 'yan gida su gan shi, ga shi kuma an ce a coci ake zaman.

Malam, sannu da ƙoƙari. Rawar hannun nan ita ta fi tayar mini da hankali, don alama ce jikinka ya riga ya dogara da giya. Mai irin wannan hali in ya yanke sha lokaci guda, cikin kwana biyu zuwa uku yana iya faɗuwa da jijjiga kamar mai farfaɗiya, ko ya ruɗe ya riƙa gane-gane, kuma hakan na kisa. Ina jaddada wannan ne saboda mutanenmu sukan ɗaura niyya su ce daga daren farko na azumi an gama. Niyyar kyakkyawa ce, amma likita ne zai tsara maka yadda za ka sauka, da magani in akwai buƙata. A Ingila kowa na da damar yin rajista da likitan unguwa, wato GP, ba sai ya nuna shaidar izinin zama ba. Cibiyoyin taimakon masu shaye-shaye na ƙananan hukumomi ma kyauta ne, kana iya kai kanka ba tare da wasiƙar kowa ba.

Batun taro kuwa, mafi yaɗuwa shi ne na Alcoholics Anonymous, AA a taƙaice, wanda mutum biyu da giya ta wahalar, Bill Wilson da likita Bob Smith, suka faro a garin Akron na Amurka a 1935. Ka shiga shafinsu na Birtaniya ka sa lambar unguwarku, zai jero maka wurare da lokuta, har da na rana waɗanda suka dace da mai aikin dare. Ko ka kira 0800 917 7650, kyauta ne, wanda zai ɗauka shi ma ya taɓa shiga halin da kake ciki.

Ba a cike takarda a ƙofa, ba a tambayar fasfo, ba a ajiye sunayen mahalarta. Sunanka na farko kawai za ka faɗa, in ka ga dama ma ka zauna ka saurara har a tashi, yawanci awa ɗaya ko da rabi. Ana zagayawa da ɗan kwanon taimako, ba dole ba ne. Abin da zai iya ɓata maka takardu shi ne ci gaba da sha: a kama ka kana tuƙi a buge, kotu ta yanke maka hukunci, wannan yana shiga tarihinka, kuma ana dubawa ranar da ka nemi zama ɗan ƙasa.

Zancen coci, ɗaki kawai suke haya don yana da araha. AA ba ta ƙarƙashin wani addini. A matakai 12 da take bi wajen daina sha ana maganar miƙa lamari ga Ubangiji yadda kowa ya san Shi, kai kuwa ka san naka. Ana yawan rufewa da gajeriyar addu'a, kana iya yin shiru ka yi taka a zuci. In duk da haka ranka bai kwanta ba, akwai SMART Recovery, wadda tun 1994 take koyar da dabarun danne sha'awa ba tare da zancen addini ba, akwai kuma Millati Islami da Musulmi suka kafa a garin Baltimore na Amurka, suna zama ta intanet. Ni dai na fi so ka samu na ido da ido, domin kaɗaici ne ya kai ka ga kwalba. In kana jin kunyar unguwarku, hau bas ka je wata, ka zaɓi zaman da aka keɓe wa masu matsalar kaɗai. Wanda ka tarar a can, abin da ya kawo ka shi ya kawo shi.

Kada ka yanke hukunci da zama ɗaya. Gwada wurare daban-daban, ka karɓi lambar wanda ya daɗe da dainawa, ka kira shi kafin ka shiga shago. In ka zame ka sha, ka koma taron washegari, ba wanda zai kore ka. Kuma kada ka yanke ƙauna daga rahamar Allah: Bukhari ya ruwaito cewa Annabi (SAW) ya hana a la'anci wani sahabi da aka sha kawowa kan shan giya, ya shaida cewa yana son Allah da Manzonsa.

Uwargida kuwa ta riga ta ga kuɗi ya ragu, wataƙila tana zargin ka yi wani aure ne. Da zarar ka ga likita, ka fara zuwa taro, ka kira ta ka gaya mata da bakinka, ka kuma sa banki ya riƙa tura mata kasonta ranar da albashi ya shiga.