Amsa ga Hajiyar da ake zagin ɗanta bayan wasan farko

Wa'alaikumussalam Hajiya. Na ga tambayarki tun bayan asuba na kasa wucewa. Kin ce yaronki shekararsa ta farko kenan a tim ɗin ƙwallon Amurka, irin wadda ake sa hular kwano, na wata ƙaramar kwaleji ta D3, wato mataki na uku a wasannin kwalejojin Amurka, ranar Asabar aka buɗe sizin, ƙwallo ta suɓuce masa a kwata ta huɗu aka cinye su, yanzu ana ta yagar namansa a shafin magoya baya na Facebook shi kuma ya daina ɗaga waya. Kina tambaya ki shiga ki rama masa ne, ko ki kira koci, ko ki ce ya ajiye wasan tunda dama ba sisin kwabo suke ba shi ba. Wallahi Hajiya kamar labarina kika zauna kika rubuta, sai dai ni nawa mai bugun fil gol ne, wato mai buga ƙwallo da ƙafa ta wuce tsakanin sandunan gol, wanda ake kira a ƙarshe in abu ya cakuɗe.

Kar ki shiga shafin nan ki rubuta komai. Ko harafi ɗaya. Ki ba ƙanwarsa wayar ta cire miki shafin ma in hannunki ba zai haƙura ba, dan duk abin da kika rubuta hotonsa za a ɗauka, kafin magariba ya isa ɗakin canza kayansu, kuma yaron ne zai sha tsiya a wajen abokansa ba ke ba.

Namu ya faru ne a gida, a filinsu, wasan farko, rana kamar za ta narka mutum dan kin san farkon Satumba a Ohayo bencin ƙarfen nan har ƙona cinya yake. Ana binmu maki biyu, saura daƙiƙoƙi, ƙwallo na yadi 17 daga layin gol, bugun yadi 34 kenan in an haɗa da bakwai da ake ja baya a dasa ta da goma daga layin zuwa sanduna. Yaron nan tun yana firamare yake buga ƙwallon ƙafa, irin wannan bugun ko daga barci aka tashe shi zai zura. Kocin waɗancan ya nemi hutun daƙiƙoƙi da gangan dan ya bar shi tsaye yana tunani, ina ganinsa shi kaɗai a tsakiyar fili yana karkaɗa ƙafa, ni kuma ina ta hasbunallahu da carbi a cikin jaka. Aka turo ƙwallo, ya buga, ta kauce ta hagu da ɗan kaɗan. Filin yai tsit.

To a cikin tsit ɗin nan ne wani mutum a bayana, layi biyu tsakaninmu, ƙato mai jan wuya da hular tim da ƙararrawar shanun nan da suke kaɗawa, ya miƙe ya ce wai wa ya kwaso musu wannan, a mayar da shi inda ya fito ya je can ya buga ƙwallon ƙafarsa. Hajiya ina zaune da mayafina, ni kaɗai ce mai mayafi a duk layin, sunan da ke bayan rigar yaron kuma ba sai an gaya wa kowa ɗan wa ne ba. Ya sani sarai. Matarsa ta ja masa riga ya fizge ya maimaita. Ba wanda ya tanka masa, wannan ya fi ƙona min rai, mutanen da muka gama cin abinci tare a wajen ajiye motoci kafin wasa, har dambun nama na ba su suna ta santi, kowa ya sunkuyar da kai yana naɗe bargo. Inda ya fito ina? A Kolombos ta nan Ohayo aka haife shi. Da daddare kuma mutumin ya je shafin ya rubuta doguwar magana wai tim ba za ta je ko'ina ba in ba a nemo mai bugu na gaske ba, mutane suna ta danna masa alamar so. Kuma abin haushin, ɗansa yana cikin masu tare gaba, ranar sau nawa aka ratsa ta gefensa aka kayar da kwatabak, wato mai jefa ƙwallo da suke karewa. In kura na maganin zawo ai sai ta yi wa kanta. Har yau in na ji ƙarar ƙararrawar nan sai gabana ya faɗi.

Washegari da suka zauna kallon bidiyon wasan, ashe turowar ce ta yi sama, mai riƙewa ya kamo ta da ƙyar ya dasa ta ɗinkin ƙwallon yana kallon ƙafar mai bugu, abin da ke sa bugu ya kauce, kuma duk abin bai kai daƙiƙa biyu ba. Koci ya gani, yaran sun gani. Na saman benci ba su gani ba kuma ba za su taɓa gani ba. Shi ya sa nake ce miki kar ki kira koci kan wannan, ya riga ki sanin abin da ya faru, ƙila ma wani ne ya bar wanda ya kamata ya tare har aka daki yaronki ta inda bai zata ba. Nan ba sakandare ba ce, uwa ta kira koci sai a mayar da yaro ɗan mama.

Amma tsaya, kin ce dukansa aka yi ƙwallon ta faɗi? In hular ce ta haɗu da hula, ki tambaye shi ciwon kai, jiri, ko haske na damunsa, ko yana ta barci. Yaran nan ɓoyewa suke dan kar a ajiye su a benci. Wannan kam ki matsa ya je wajen mai kula da lafiyar 'yan wasa, kowace tim tana da shi, a nan ba ruwanki da kunya.

Su kuma masu surutun, tun Nuwamba rabonsu da wasa, wata tara suna cika baki a shafi cewa bana ba mai tsayar da su, sai Asabar ɗaya ta zo ta ƙaryata su, dole su nemi wanda za su ɗora wa. Wasa goma ne kacal a sizin shi ya sa kowanne suke jinsa har ƙashi. Alhali wasan farko yawanci ba na cikin rukuninsu ba ne, kuma wanda ya cinye rukuninsa kai tsaye yake wucewa wasannin neman kofi, tun 2024 ma tim 40 ake ɗauka ba 32 ba. Amma kowa gani yake makarantarsu Mount Union ce, kwalejin D3 ta Ohayo mai kofi 13.

Babansu ne ya zaunar da namu ya nuna masa wasan jami'o'in Mishigan da Appalachian State na 1 ga Satumba 2007, shi ma ranar buɗe sizin. Mishigan tana ta biyar a duk Amurka, a gidanta, gaban mutum sama da 100,000, ƙaramar makaranta ta zo ta cinye ta 34 da 32, kuma da me aka ƙare? Fil gol aka tare musu a daƙiƙar ƙarshe. Sati na gaba Oregon ta sake lallasa su. Duk da haka sun gama shekarar da cin wasa 9 har suka doke Florida. Yaron bai ce komai ba amma ranar ya ci tuwo.

Maganar ya bari kuwa, ni dai ba zan ce masa ba. Gaskiya ne D3 ba a ba da tallafin karatu dan wasa, mu ma bashin makaranta muke ta biya, Allah ya rufa asiri. Amma yaron da ya bar hutunsa ya koma tun Agusta yana gudu cikin zafi da kayan nan masu nauyi ba dan kuɗi ba, so yake. In zai bari ya bari a Disamba da kansa, kar wani mai ƙararrawa ya kore shi a satin farko.

Wayar ma ki daina jera masa kira. Ki tura saƙo gajere, kin ci abinci, Allah ya yi maka albarka, shi kenan, kar ki ambaci ƙwallo. In da hali ki dafa abin da yake so ki kai masa ran Lahadi, ki yi da yawa dan abokan ɗakinsa ba sa ƙoshi. Nawa a mota ya yi kukansa, bayan mun bar harabar makarantar.

Au, mutumin nan fa daga baya da yaron ya zura uku a wasa ɗaya, shi ne ya taho yana washe baki zai ba ni hannu wai ɗana gwarzo ne. Na ce masa ba na gaisawa da maza, na wuce. Maigidan ya ce na yafe, na ce to ina kan hanya.

Ran Asabar ki je wasan ko da nisa, ki zauna kusa da iyayen 'yan shekarar farko, sun fi sauƙin kai. Ki tafi da abin shimfiɗa a benci da ruwa mai sanyi, abincin wajen motocin kuma ki tambaya kafin ki ci, rabinsa alade ne. Wace jiha kuke ne? In ba ku da nisa da mu ki min magana ta akwati, namu ya gama bara, Asabar ɗina a sake take.