Idan mai saye ya taya kayan sauti da rabin kuɗinsu

Ɗan'uwa, ka yi tambaya kan yadda za ka yi da masu zuwa shagonka su taya lasifika ko amfilifaya da rabin kuɗinta, har su zarge ka da tsawwalawa.

A ganina, yawancinsu ba raini ne ya kawo su ba. Wasu suna riƙe da farashin da suka sani kafin watan Yunin 2023, lokacin da Babban Bankin Najeriya ya bar kasuwa ta yanke wa naira daraja, alhali kayan nan da dala ake shigo da su. Wasu kuma sun ga makirufo mai tambarin Shure ana sayar da shi da araha, ba su san jabu ba ne.

Kada ka fara da jayayya kan kuɗi. Tambayi mai sayen inda za a kafa kayan, domin masallacin unguwa sau da yawa lasifikar kamfanin Ahuja ta wadatar da shi, ba sai an kai ga ta kamfanin JBL ba. Daga nan ka jona na asali da mai arahar ɗaya bayan ɗaya, ka ƙara sauti a hankali, ya ji da kunnensa inda mai arahar ke fara shaƙewa. Ka kuma bayyana masa cewa babbar lambar ƙarfin sauti ta PMPO da ake bugawa a kwali ta talla ce, lambar RMS ce ke nuna ƙarfin da lasifika ke iya jurewa tana aiki.

Idan har ya nace, faɗa masa farashinka na ƙarshe cikin mutunci, ka bar shi ya zagaya kasuwa ya kwatanta.