Tambayoyi da Amsoshi: Mota Ta Rage Gudu, Danja Ba Ta Kama Ba

Tambaya: Malam, wayata tana zafi kamar dutsen guga idan na kunna Google Maps a mota, har ta daina caji. Daga wani mai karatu a Tudun Wada.

Amsa: Ka manna ta a gilashin gaba cikin ranar Afrilu, allo a kunne, caja a jiki, me kake so ta yi? Ita ce ke tsayar da cajin da kanta don ta kare batir. Cire mata riga, ka mayar da ita inda iska ke kaɗawa.

Tambaya: Assalamu alaikum. Na sayi motar lantarki ta hannu da aka shigo da ita daga Amurka. Da na ɗaga ƙafa daga totur sai ta rage gudu kamar na taka burki. Makon jiya a gangaren gadar Kawo wani mai Keke Napep ya doke ni ta baya, yana rantsuwa danjata ba ta kama ba. Na kai wa mai rewaya, ya taka burki, fitilu duk suka kama. Wa ke da gaskiya? Daga wani Alhaji a Unguwar Rimi.

Amsa: Wa alaikumus salam, Alhaji. Allah Ya ƙara tsarewa. Ina jin mai Keken bai rantse a banza ba. Mai rewaya kuwa ya yi maka gwajin motar fetur ne a kan motar da ba ta fetur ba, ya sosa inda ba ya ƙaiƙayi.

A motar da muka saba, akwai ɗan makunni a jikin abin taka burki. Ka taka, ja ya kama. Motar lantarki tana da hanyar rage gudu ta biyu: idan ka sassauta totur, injin da ke juya tayoyi sai ya koma janareta, tayoyin su riƙa juya shi, wutar ta koma batir. Wannan turjiyar ce kake ji tana riƙe motar. Ƙafarka ba ta je kusa da burki ba, saboda haka makunnin nan bai san abin da ake ciki ba. Manhajar motar ce kaɗai ke yanke ko ta kunna danja ko ta bar ta a mace.

Kuma riƙon ba na wasa ba ne. Tsarin e-Pedal na Nissan Leaf, wato tuƙi da totur kaɗai, yana iya zaftare kusan kilomita 7 a sa'a duk daƙiƙa ɗaya. Mota mai gudun 50 za ta tsaya cak cikin daƙiƙa bakwai ko makamancin haka. Wanda ke bayanka a wannan gudun yana cin kusan mita 14 duk daƙiƙa. Ka lissafa da kanka, ka tuna yadda ake manne wa juna a titin Ahmadu Bello Way da yamma, inda tsakanin bambar mota da hancin Keke ko akuya ba za ta ratsa ba.

Abin da ke ɓata min rai shi ne doka ba ɗaya ba ce. Ƙa'idar Majalisar Ɗinkin Duniya mai lamba 13-H, wadda Turai ke bi, ta ce idan ragin gudun ya wuce mita 1.3 a daƙiƙa cikin kowace daƙiƙa, wato kusan kilomita 5 a sa'a, dole danja ta kama. Ƙa'idar fitilu ta Amurka, FMVSS 108, abin da ta wajabta shi ne fitila ta kama idan an taka burki, sauran ta bar wa kamfanoni. A 2023 ƙungiyar Consumer Reports ta Amurka, mai gwada kayayyaki don amfanin masu saye, ta nuna cewa wasu motocin Hyundai, Kia da Genesis na iya rage gudu sosai ba tare da danja ba, muddin ƙafar direba na ɗan taɓa totur. Kamfanin Hyundai ya gyara nasa da sabunta manhaja. To motar da aka sayar a gwanjo, ta kwana a jirgin ruwa, ta sauka Legas, ta hau tirela zuwa Kaduna, wa ya tsaya ya sabunta mata komai? Mu da ke karɓar motoci daga Amurka da Turai da Sin a lokaci guda, kowace da tarbiyyar gidansu take zuwa.

Ga gwajin da nake sa kowa ya yi, kuma wayar da ke aljihunka ta isa. Bayan Isha'i ku sami titin da babu jama'a. Ɗanka ko ƙaninka ya zauna a kujerar gaba ta wata mota da wani ke tuƙawa a bayanka, nesa kaɗan, yana ɗaukar bidiyo. Ka kai 40, ka ɗaga ƙafa gaba ɗaya. Ka sake kaiwa 40, wannan karon ka sassauta a hankali, ƙafar tana kan totur ba ta bar shi ba. Na biyun nan shi ne inda asiri ke tonuwa. Sannan ka bar ta ta tsaya da kanta, a duba ko jan ya ci gaba da haske ko ya mutu. Kada ka ce za ka riƙe waya kana tuƙi, ban aike ka ba.

Idan ta faɗi gwajin, shiga saitin tuƙi ka rage ƙarfin riƙon zuwa mataki na ƙasa; a wasu motocin 'yan maɓallan bayan sitiyari ne ke wannan aikin. Ka koma taka burki yadda ka saba. A yawancinsu taka burkin ma yana mayar da wuta batir, asarar ba ta kai kuɗin fenti da gyaran bamba ba. A cunkoso ko bakin danjar titi ka ajiye ƙafa a kan burki ko da motar ta riƙe kanta. Lambar shasi kuma ka sa ta a shafin kamfanin ko na hukumar kiyaye haɗurra ta Amurka, NHTSA, ka ga ko akwai gyaran da ake bin motar. Ina roƙonka kada ka bari wani ya yanka waya ya yi maka haɗin gambiza a wannan motar.

Mai Keken ma da nasa laifin, don wanda ya bar tazara ba ya jiran fitila ta ce masa ya tsaya. Amma in bidiyo ya nuna danjarka ba ta kama ba, Alhaji, ka neme shi ku raba kuɗin gyaran.

Tambaya: Da safe in na cire motata daga caji ba ta riƙe kanta idan na ɗaga ƙafa, sai an jima. Ta lalace ne? Daga wata Hajiya a Barnawa.

Amsa: Lafiyarta ƙalau, Hajiya. Batir ya cika, babu inda za a zuba wutar da ke dawowa, sai motar ta rage riƙon. Ki tsayar da caji a kashi 80 don zirga-zirgar cikin gari, ranar da kika cika shi don tafiyar Abuja kuma ki sa ƙafa kusa da burki tun daga ƙofar gida.

Tambaya: WhatsApp ya cinye min wuri a waya. Daga wani ɗalibi a Malali.

Amsa: Kashe saukar da bidiyo kai tsaye, ka fita daga rabin guruf ɗin da kake ciki.