Filin Tambaya da Amsa: Yayyena sun ce mace ba ta cin gadon gona

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Mahaifinmu ya rasu shekara shida da suka wuce, iyayensa sun riga shi. Ya bar mahaifiyarmu, maza biyu da mu mata uku, da gida da gona. Yayyenmu sun ce gona ta maza ce, in aka ba mu gidan miji za ta koma. Buhun masara kawai suke aiko mana da kaka. Haka shari'a ta ce?
Wata baiwar Allah, daga Zariya

Amsa: Wa alaikumus salam. 'Yar'uwa, wannan al'ada ce, ba shari'a ba. Aya ta 7 a Suratun Nisa'i ta ba mata rabo daga abin da iyaye suka bari, kaɗan ne ko mai yawa, ba ta ware gona ko gida ba. Aya ta 11 da ta 12 suka fayyace kason kowa.

Kafin rabo ana cire kuɗin jana'iza, sai bashi (har da ragowar sadakin mahaifiyarku in akwai), sai wasiyya wadda ba ta wuce sulusi ba. A ce abin da ya rage an kimanta shi naira 8,000,000. Mahaifiyarku tana da tumuni (kashi ɗaya cikin takwas), wato 1,000,000. Sauran 7,000,000 a kasa su bakwai: kowane namiji kashi biyu, 2,000,000, kowace mace kashi ɗaya, 1,000,000. Kasonki yana cikin gidan da gonar duka. In gonar ba ta yankuwa ba tare da ta lalace ba, ko a sayar a raba kuɗin, ko su sayi kasonki da farashin yau, da yardarki. Buhun masarar nan kuwa ba rabo ba ne, ɗan abin toshe baki ne.

Inda mata suka fi faɗawa shi ne wajen "na yafe". A tara dangi a zaure, kawu ya ce kada ki ɓata zumunci, kunya ta sa ki sunkuyar da kai. Abin da aka karɓa ta haka bai halatta ga mai karɓa ba. Kada ki sa hannu ko dangwale a wata takarda sai an kimanta dukiyar kin san nawa ne naki.

Ki fara da sulhu: malamin da ya san ilimin gado, mai unguwa, da dattijo daga dangin mahaifinku. A rubuta magada, a rubuta kadara da iyakokinta, shaidu biyu su sa hannu, kowa ya riƙe kwafi. In sun ƙi, ki shigar da ƙarar neman rabon gado a kotun shari'a ta yankin da gonar take. Kada ki ƙara jinkiri, don shaidun da suka san iyakar gona tsufa suke yi, kuma in yayyenku suka sayar wa wani, ƙwato ta sai an sha wuya.