Marubuciyar ce ta cuce ni, ko ni ce ban iya karatu ba?

Tambaya:

Assalamu alaikum Malam. Ni tela ce a unguwar Zariya, nan Maradi. Ban yi nisa a lakwal ba, karatun labari dai nake yi a waya in na rufe shago. Na kwashe kwana goma sha biyu ina bin wani labari da ake turowa a WhatsApp: amarya ce ke jin ana kiran sunanta cikin dare, kayanta na sauya wuri, mijin yana ce mata mantuwa ce ke damunta. Na zargi mijin, na zargi uwargida, har amaryar sai da na zarga. A shafin ƙarshe sai aka ce wai aljani ne, aka yi ruƙiyya, shi ke nan. Raina ya ɓaci ƙwarai. Ƙawata ta ce ni ce ba na son labarin aljanu, alhali littattafan yaƙi da matsafa na fi ta karantawa. To me ya ƙona mini rai?

Amsa:

Wa alaikumus salam, Malama. Karatunki lafiya lau yake. Ke tela ce: in mace ta kawo yadi ta ce riga da zane take so, kika auna ta, ranar karɓa kika miƙa mata hijabi, ko ɗinkin ya fi na kowa kyau sai an ji kanku. Abin da aka yi miki ke nan. An auna ki da labari iri ɗaya, aka ɗinka miki wani.

Littattafan yaƙin da kike so suna cikin abin da Turawa ke kira fantasi, mu kuwa almara muka san shi. Tun a bakin ƙofa yake gaya miki cewa dokar duniyarsa daban ce. Da kaka ta ce "ga ta nan ga ta nanku", ba yaron da zai tambayi yadda aka yi Gizo ya iya magana. Rubutaccen ƙagaggen labarin Hausa ma da wannan ƙafa ya fara: gasar da aka shirya a Zariya ta Nijeriya a 1933 ita ta haifi Ruwan Bagaja na Abubakar Imam da Ganɗoki na Bello Kagara, kuma dukansu sun shiga duniyar aljanu ba tare da neman uzuri ba. Sharaɗin almara guda ne, kada ta karya dokar da ta kafa da bakinta. In an ce layar jarumi ba ta aiki a kan ruwa, to kada mu same shi tsakiyar gulbi tana aiki. Nan ne wasu marubutan yaƙi ke gundurata: jarumi ya kashe dubu a littafi na ɗaya, a na biyu dubu goma, tun ana jin tsoro a madadinsa har a daina.

Labarin da kika bi kuwa, da kayan wani gida ya fito, wato labarin rikita tunani. Shi duniyarsa tamu ce: ɗaki, kishiya, makulli, waya. Dodon yana cikin zuciyar mutum, kuma mai karatu ɗan sandan ciki ne da ba a biyansa. Ana ba ki alamu, kina harhaɗawa, kina zargi, kina warwarewa. Kwana goma sha biyun nan aiki kika yi, ladanki kuwa shi ne a ƙarshe ki dafa kai ki ce "ashe!", don kin ga abin tun farko ba ki gane ba.

Zubin ma tsoho ne. A 1938 an yi wani wasan kwaikwayo a Ingila mai suna Gas Light, aka mayar da shi fim a Amurka a 1944. Miji ne ke ɓoye kaya yana ce wa matarsa ita ta ɓatar, don ta yarda ta haukace. Kullum in ya fita da dare sai ta ga hasken fitilar gas ya ragu, shi kuma ya ce idonta ne. Ashe zagayawa yake yi ya hau saman gidan yana neman wasu duwatsu masu daraja, in ya kunna fitilar sama sai ta ƙasa ta dushe, tunda gas ɗin ɗaya ne. Kin ga, amsar tana cikin fitilar tun daren farko. Haka marubuciyar Ingila Agatha Christie, a wani littafinta na 1926, ta sa likitan da ke ba da labari ya zama shi ne mai kisan. Bai yi wa mai karatu ƙarya ba, tsallake wasu mintoci kawai ya yi, kuma in aka koma baya za a ga gurbinsu.

Sai dai al'amarinmu ya sha bamban da na Turawa, kuma nan ne ƙawarki take da ɗan abin kamawa. A wurin marubucin Landan, aljani ƙage ne. Mu kuwa sura guda ce a Alƙur'ani, ta 72. A Maradi ma, garin da aka san shi da bori da sarautar Iya, ko wanda bai taɓa halartar wasa ba ya ji sunan Doguwa. Saboda haka in amarya ta ji ana kiranta cikin dare, mai karatu Bahaushe da gaske yake riƙe da amsa biyu: ko makirci, ko iska. Wani masanin adabi, Tzvetan Todorov, ɗan Bulgeriya da ya zauna a Faransa, ya rubuta littafi a 1970 a kan wannan tsayuwa tsakanin amsa biyu. Ya ce muddin mai karatu na wasiwasi, labarin na cikin wani aji na kansa, da zarar an zaɓi ɗaya ya fita daga ciki. Abin da marubutan can ke wahala su gina, namu kyauta suka same shi. A ganina babbar dukiya ce, kuma ita ake ɓarnatarwa, domin aljani ya zama ƙofar baya: in zare ya cukurkuɗe wa marubuci, sai ya kira malam a tofa, kowa ya watse.

Ba wai ba ya halatta a ƙare da aljani ba ne. Ya halatta, in an shuka shi. A nuna mana tsohuwar tsamiya a bayan ɗakin, a nuna amarya ta watsa ruwan zafi da magariba ba bisimilla, wata tsohuwa ta yi maganar da aka ɗauka shirme. A kuma wanke mijin da hujja, a gaya mana me ya sa yake cewa mantuwa ce. In ba haka ba, duk zargin da aka sa kika yi ya tashi a banza. Jiki Magayi, na John Tafida da Rupert East, tun shekarun 1930 ya nuna hanya: akwai asiri a ciki, amma mun ga ranar da aka ƙwace wa Abubakar budurwarsa da ƙarfin dukiya, mun bi shi yana neman abin da zai lalata ɗan da za ta haifa. Asirin bai faɗo daga sama ba, ƙiyayya ce ta je ta ɗauko shi.

Ina yi wa marubuciyar uzuri ɗaya. Mai tura labari shafi-shafi kullum ba ta da damar komawa baya. Wadda ta gama littafi kafin ta fitar za ta iya komawa babi na biyu ta dasa tsamiyar. Ita kuwa babi na biyu ya riga ya shiga wayoyin mutane, ga masu cewa "a ƙaro" sun tsaya mata a kai. Da yawa suna farawa ba su san wa ya yi laifin ba su kansu. Almara tana jure wannan, labarin rikita tunani ba ya jurewa, don daga ƙarshe ake fara yanka shi.

Ki yi gwaji ɗaya kafin ki koma wa ƙawarki. Ki sake karanta shafuka biyar na farko, ki duba wa ke nan duk lokacin da kaya suka sauya wuri. In kullum mijin na kusa, ko uwargida ta shigo ɗakin, to mutum aka nuna miki da yatsa, kuma kina bin marubuciyar bashi. In kuwa kin tarar kayan sun motsa ƙofa a kulle, makulli a ƙugun amarya, to ki sayi katin waya na jika ɗaya ki aika wa marubuciyar.