Kifin da nake mayarwa ruwa yana tasowa matacce, ina kuskurena?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni mazaunin Yauri ne, nakan je fatsa bakin kogi ranar da ba aiki. Idan na kama ƙaramin giwan ruwa ko karfasa sai in cire ƙugiya in mayar da shi ya girma. To amma sau da yawa bayan ɗan lokaci sai in ga ya taso ciki a sama. Abin yana ci mini rai, ban ci ba, kuma ban bar shi ya rayu ba. Nakan goge shi da yashi kafin in riƙe don kada ya suɓuce, kamar yadda na ga ana yi. Don Allah ina kuskuren yake?

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanena. Damuwarka tana kan hanya, kuma ka riga ka faɗi kuskuren da bakinka. Yashin nan ne.

Wannan abu na gan shi har na gaji, daga gaɓar Yauri har Argungu. Mutum ya fito da kifi, ya jefa shi kan rairayi mai zafi, ya birkita shi, ko ya kama shi da busasshen tsumma, wai santsi ya yi yawa. Yauƙin da kake gogewa shi ne rigar kifin. Shi ke tare ƙwayoyin cuta, shi ke taimaka wa jikinsa ya daidaita ruwa da gishiri. Idan ka kankare shi, ka kuma kuje ɓawon jikinsa da yashi, ko da ya yi iyo ya tafi a gabanka, bayan kwanaki sai wani farin abu kamar auduga ya fito masa a gurbin da ka goge, daga nan sai mutuwa. Wanda ka gani ya taso ma kaɗan ne daga cikin waɗanda suka tafi.

Idan na faɗi haka sai a ce mini, "Haba Malam, kifi ai yana da taurin rai, tarwada tana yini a daro ba ruwa ba ta mutu ba." Wannan magana ita ce ta fi kashe kifi a hannun masu kyakkyawar niyya. Tarwada daban take. Allah ya yi mata wata gaɓa a cikin kai da take shaƙar iska kai tsaye. Gaiwa ma huhu gare ta, shi ya sa take rani cikin busasshen laka. Giwan ruwa da karfasa da tsage ba su da ko ɗaya. Numfashinsu duka yana ga jan naman nan mai kama da matajin kai da ke ƙarƙashin kunnensu, kuma da zarar ya fita daga ruwa sai siraran ganyayyakinsa su manne da juna, iska ta daina shiga jini. Ka tuna kifin ya gama kokawa da igiyarka, a gajiye yake, kamar wanda ya yi gudu aka toshe masa hanci. Sai kuma a zo a zura yatsu cikin kunnen a ɗaga shi don ɗaukar hoton Facebook. Idan jini ya fito daga nan, to ka kai shi gida a dafa, don da wuya ya yi rai. A giwan ruwa ma murfin kunnen yana da kaifi da ƙaya, kai ma zai yanke ka.

Abin yi ba shi da wuya. Jiƙa hannuwanka tukuna. In da hali cire ƙugiyar yana cikin ruwa, in kuwa dole ka fito da shi, kada ya wuce ƙirga goma. Ka riƙe shi a kwance, hannu ɗaya ƙarƙashin ciki, ɗaya wajen wutsiya, ba matsewa. Kafin ka bar gida ka sa filaya ka danne ɗan haƙorin ƙugiya mai hana ta fita, za ta zare cikin sauƙi. Idan ya haɗiye ta har ciki, kada ka ja, yanke zaren dab da baki. Wajen saki kuma ba wurgi ake yi ba: ka tallabe shi cikin ruwa, kansa na fuskantar inda ruwa ke tahowa, har ka ji ya fizge da kansa. Daga Maris zuwa Mayu ruwa yana ɗumi, iskar cikinsa ta ragu, don haka ka fita da sassafe, kuma kada ka tsawaita kokawa da shi.

Ka kula da hannunka kuma. Kurungu yana miƙe ƙayoyinsa uku ya kulle su, ɗaya a baya, biyu a gefe, kuma sukarsa akwai raɗaɗi. Minjirya kuwa, mai jan mutum kamar wutar lantarki, kada ka taɓa ta, yanke zaren kawai. Idan ƙaya ta soke ka, ina roƙonka don Allah ka rabu da masu cewa a zuba fetur ko ruwan batir, ko a tsaga wurin da reza a tsotse. Na ga yatsan wani saurayi da ya kumbura ya yi baƙi saboda irin wannan shawara ta bakin kogi. Ka wanke da sabulu da ruwa mai tsabta, ka tsoma cikin ruwan zafi daidai wanda fata za ta jure ba ƙuna, na kamar rabin awa ko fiye. Idan guntun ƙaya ya karye a ciki, ko wurin ya kumbura, ko zazzaɓi ya biyo baya, ka tafi asibiti a ranar, ka kuma tambaye su allurar rigakafin tetanos.